Mamane Talle da 'Ya'yan Kyarkecin da Ya Kashe

Na fara ganin Mamane Talle a ƙofar wani masallaci na unguwar Al-Suwaidi, bayan sallar Juma'a, shekara huɗu da suka wuce. A lokacin ban daɗe da zuwa Riyad ba. Na ajiye aikin koyarwa a Zariya, matata ta rasu, sai ɗana Bashari, wanda yake injiniya a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, ya nace in zo in zauna tare da shi da matarsa Jamilat, ma'aikaciyar jinya. Ina neman takalmina a cikin tarin takalma sai na ji wani a bayana yana cewa, "Wanga gari, ko takalmi ba shi zama inda ka aje shi." Na juya na ga wani dogon mutum siriri, mai zanen Gobirawa daga gefen baki har zuwa kunne. Muka gaisa, muka nemi takalman tare, na kai shi gida ya ci abinci. Tun daga ranar ya zama ɗan gida.

Makiyayi ne. Yana kiwon tumakin wani Balarabe, Abu Nayif, wanda shi ne kafilinsa, wato wanda iƙamarsa ta zama a ƙasar take hannunsa. Garken yana can cikin hamada, a gindin duwatsun Tuwaiƙ, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a mota. Sau biyu a wata, ranar Juma'a, direban tankar ruwa yakan shigo da shi gari, ya mayar da shi kafin magariba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wannan aiki gaba ɗaya, kuma da shi yake riƙe da gida guda a wani ƙauye da ke arewacin Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi.

Jamilat 'yar Ilorin ce, don haka tsakaninta da shi akwai wasan Yarbawa da Gobirawa. Da ya yi sallama sai ta ce, "Baba, ga bawana ya iso. A ba shi tsintsiya." Shi kuma ya ce, "Bayarabiya, rage barkono, mutane za su ci abincin nan, ba ke kaɗai ba." Yakan ci tuwo malmala uku, yana ci yana kushewa.

A irin wannan zama ne ya ba ni labarin asalin sunansa. Mahaifinsa, Ousmane, maharbi ne ɗan maharba. A gidansu akwai wata doka: ba a kashe dabbar da take shayarwa, idan kuma kuskure ya auku, to wajibi ne maharbin ya nemo 'ya'yanta ya rene su har su iya cin abinci da kansu. A makon da aka haifi Mamane, mahaifinsa ya shiga daji neman naman suna, ya harbe barewa. Da ya zo fiɗa sai ya ga nono a jikinta. 'Yan'uwansa suka ce a tsaya a nemi ɗanta, amma suna washegari ne, baƙi sun cika gida, sai ya saɓa namansa ya tafi. Kafin a yi arba'in nonon matarsa ya ƙafe, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Wata gwaggonsa ce ta shayar da jaririn, ta haɗa masa da nonon akuya. Shi ya sa ake kiransa Talle. Da ya kai shekara goma sha biyar, kafin mahaifinsa ya miƙa masa baka da kwari, sai da ya kai shi bakin kabarin uwarsa, ya sa ya rantse cewa ba zai taɓa barin abin da shi ya bari ba.

Na ce masa a lokacin, "Malam Mamane, rai da mutuwa na Allah ne. Barewa ba ta ƙafar da nonon mutum."

Ya ce, "Na sani, Malam. Amma ai ba kai ka taso babu uwa ba."

Ban sake tayar da maganar ba.

A kwarin da ke bayan garkensa akwai kyarkeci. Ba babba ba ne, in ji shi, bai fi karen farauta ba, siriri, mai launin ƙasar wurin. Mamane ya san sawunsa kamar yadda ya san sawun tumakinsa. Yakan ce a mako uku yakan ɗauki ɗan rago guda, kuma yawanci mai ɗingishi ko marar lafiya yake ɗauka. Sauran kwanakin ɓeraye da zomaye da mushe yake ci. Ya kuma lura da wani abu: muddin kyarkeci yana kwarin, karnukan yawo da ke taruwa a jujin bayan gari ba sa ƙarasowa wurin. Don haka bai taɓa ɗaukarsa abokin gaba ba. Maƙwabci ne mai ɗan hali, in ji shi, wanda an san iyakar ɓarnarsa.

Abu Nayif ba haka yake gani ba. A bakin hanyar da ke shiga garken akwai wani tsohon itacen ƙaya. A kansa kakansa yakan rataye duk kyarkecin da aka kashe, kai a ƙasa, don sauran su gani su kuma makiyaya su san an rama musu. Haka mahaifinsa ya yi. Yanzu hukuma ta hana, akwai tara mai nauyi a kan wanda ya kashe naman daji, amma hamada tana da faɗi. Shekara goma sha ɗaya Abu Nayif yana cewa a sa guba, Mamane yana lallaɓa shi, yana ƙara tsayin shinge, yana sauya wa tumaki wurin kiwo.

A watan Maris na bara kyarkecin ya ɗauki abin da bai kamata ya ɗauka ba: wani ɗan rago baƙi mai farin kai, wanda Abu Nayif ya ware yana ji da shi, yana nuna wa abokansa hotonsa. Washegari ya zo da gwangwanin guba ya ajiye a gaban Mamane, ya ce, "Halas, ya isa haka. Yau za ka sa."

Mamane ya san guba ba ta zaɓe. Za ta kashe yanyawa, ta kashe tsuntsayen da za su sauka a kan mushen, ta kashe duk abin da ya lasa. Ya kuma san lokacin haihuwar namun daji ne. Sai ya roƙi a bar shi ya ɗana tarkon waya irin na gidansu. Tunaninsa shi ne, da safe zai duba abin da ya kama. Idan mace ce mai shayarwa ya sake ta, ya ce ta tsinke waya. Ya ɗana tarkon yadda zai kama ƙafa. Amma waya ce ta shinge, ba irin wadda ya saba da ita ba, kuma dabbar ta shigo da kai a sunkuye. Da hantsi ya tarar da zargen a wuyanta, ta yi ta fizga har ta shaƙe kanta, numfashi kaɗan ya rage. Ya ƙarasa ta da sanda don ta huta.

Abu Nayif ya iso da murna, ya ce a kai ta gindin ƙaya. Mamane ya ɗaure ƙafafunta na baya, ya ja igiya. Tana lilo kai a ƙasa, gashin cikinta ya buɗe, sai ya ga nonuwan a cike. Wani abu fari ya ɗiga a bayan hannunsa. Ya ce mini ya tsaya yana kallon ɗigon har ya bushe, kafilinsa kuwa yana zagaya itacen yana ɗaukar hoto da waya.

Bai fita neman 'ya'yan ba a ranar. Abu Nayif ya gayyato abokai, aka kafa tanti, aka yanka rago, Mamane ne mai hura wuta da dafa shayi. Kwana biyu suka yi. A rana ta uku, da suka tafi, ya hau tudun da ake samun layin waya, sai saƙonni suka shigo. 'Yarsa Ikilima ta haihu, mace, tun ranar da ya rataye dabbar. Nono bai zo ba. An ba jaririyar nonon akuya tana amayarwa.

Daga wannan lokaci Mamane bai ƙara raba abubuwan biyu ba. A wurinsa, ran jikarsa yana rataye da ran 'ya'yan da ke wani rami a cikin kwarin nan, waɗanda suka kwana uku ba su sha komai ba. Ya kulle tumaki a shinge, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya bi tsohon sawun uwar a kan duwatsu, yana rarrafe a inda sawun ya ɓace. Sai bayan la'asar ya ji wani ɗan kuka a ƙarƙashin wani falalen dutse. Ya zura hannu har kafaɗa. Uku ne. Ɗaya ya riga ya sandare.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya yi sallama a gidanmu da kwali a hannu. Jamilat ta buɗe ƙofa ta ce, "A'a, yau bawana ya kawo wa uwargijiyarsa gaisuwa? Me ke ciki, fara?"

Bai mayar mata ba. Wannan ne ya sa ta kauce masa. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ya ajiye kwalin a tsakiyar falo ya buɗe. Kwiyakwiyai biyu ne a kan tsohon rawaninsa, idanunsu ba su gama buɗewa ba, ɗaya yana motsi, ɗaya yana kwance kamar tsumma.

Bashari ya leƙa, ya ja da baya. "Baba Talle, waɗannan ba karnuka ba ne."

"Ba karnuka ba ne."

"Ka san abin da zai same mu idan aka gan su a gidan nan? Ni da kai duka iƙamarmu ta tafi."

"Na sani, injiniya. Ba ajiya na kawo ba. Ba su sha. Ina tatso nonon tunkiya in tsoma tsumma in sa musu, wanga yana tsotsa kaɗan, wancan ko baki ba shi buɗewa. Ku masu ilimi ne. Ku gwada mini yadda za a yi."

Ya ba mu labarin duka a tsaye, ya ƙi zama. Da ya gama na ce, "Malam Mamane, saurara mini. Jaririyar nan likita take bukata. A kai ta asibiti, a sayi madarar gwangwani ta jarirai."

"An kai ta lokotoro, Malam. An sayi madarar. Tana sha tana maidowa."

"To, sai addu'a. Amma wannan da kake yi camfi ne, kuma ka sani. Babu wata igiya tsakanin ramin kyarkeci a nan da ɗakin Ikilima a can."

Ya dube ni, idanunsa sun yi ja. "Malam, ban zo neman fatawa ba. In babu igiyar, me na rasa don na shayar da marayu? In kuwa akwai ta, kai za ka tsaya gaban ɗiyata ka ce mata camfi ne?"



Jamilat ce ta durƙusa. Ta ɗauki wanda ba ya motsi ta juya shi a tafin hannunta, ta ja fatar wuyansa ta saki. Ta ce jikinsa ya yi sanyi kuma babu ruwa a cikinsa. Ta cika kwalba da ruwan ɗumi ta naɗe da tawul ta sa a kwalin, ta ɗauko sirinji marar allura, ta nuna masa yadda zai riƙe kan, ya ɗiga a gefen baki, kaɗan-kaɗan, duk bayan sa'a biyu. Ta ce ya riƙa shafa musu ciki da tsumma mai ɗumi bayan sun sha, domin uwarsu da harshe take yi musu haka. Ya karɓi sirinjin ya gwada, madarar tana zuba a gefe.

Ta ce, "Kai Bagobiri, hannun da ya iya ɗana tarko ya kasa riƙe sirinji? Kawo nan. Dubi. Haka."

Ya ce a hankali, "Allah shi biya ki, Bayarabiya." Ban taɓa jin ya yi mata addu'a ba sai ranar.

Ƙaramin, wanda ba ya motsin nan, ya mutu bayan kwana biyu. Mamane ya kira ni daga kan tudu, muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce a daidai ranar jaririyar ta yi suma sau ɗaya, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Na ce masa yaran da ba sa samun abinci sukan yi haka. Ya ce, "Saura guda, Malam," ya kashe wayar.

Ɗayan ya rayu. Mamane ya ɓoye shi a cikin wani tsohon tankin ruwa da ya fashe, a bayan ɗakinsa na kwano. Duk bayan sa'a biyu yakan bar tumaki ya dawo da gudu ya ba shi. A cikin waɗannan kwanaki ne karnukan yawo suka iso kwarin. Da tsakar rana suka zo, su takwas ko tara, a lokacin da ya dawo shayarwa. Kafin ya kai gare su da sanda sun kashe 'yan raguna bakwai. Ba su ci ko ɗaya ba, sun yayyaga su ne suka bari.

Ranar Asabar Bashari ya ɗauke ni a mota muka tafi kai masa madarar kwiyakwiyai da ya samo a wani shagon kayan dabbobi. Mun wuce itacen ƙayar. Tana nan a rataye, ta bushe, iska tana juya ta. Muna tsaye a bakin tankin, Mamane yana ba ɗan kyarkecin madara, sai a-kori-kurar Abu Nayif ta tsaya a bayanmu. Ya zo ganin ɓarnar karnuka ne. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana ɗan jan ƙafa. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni ammi, wato baffa. Sannan ya ga abin da ke hannun Mamane.

Da ya yi magana, Bashari ne ya riƙa fassara mini.

"Ya Mamman, shekara goma sha ɗaya. Na taɓa hana ka haƙƙinka? Da mahaifiyar 'ya'yanka ta yi ciwo, ban sa ka a jirgi ba? Ka bar tumakina karnuka suna ci, kana nan kana ba ɗan maƙiyina nonon tumakina?"

Mamane ya ce da Larabcinsa na makiyaya, "Uwarsa ce take hana karnukan zuwa. Shekara goma sha ɗaya ka taɓa ganin kare a nan? Ita guda take ɗauka. Waɗannan bakwai suka kashe a yini ɗaya."

"To, a kashe karnukan su ma! Guba tana nan. Kyarkeci kyarkeci ne. Wannan da kake gani kamar ɗan mage, bayan shekara zai shiga shingen nan, ya san hanya, ya san warinka, ba ya tsoronka. Kakana ya kwana da yunwa saboda irinsa."

Bashari ya yi ƙoƙarin bayyana masa maganar rantsuwar da ta jaririyar. Abu Nayif ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce, "La haula. Wannan jahilci ne. Allah ya ba yarinyar lafiya, ni zan aika da abin da za a kai ta babban asibiti. Amma wannan abin ba zai kwana a ƙasata ba. Idan masu kula da namun daji suka gan shi, za su tambayi uwarsa, kuma ni za su kama." Ya juya ga Mamane. "Zan dawo ranar Alhamis. Ko in tarar da shi a gindin ƙaya tare da uwarsa, ko in buga maka huruj." Huruj ita ce takardar fita daga ƙasar ba dawowa.

Da ƙurar motarsa ta kwanta, Mamane ya zauna a ƙasa, ɗan kyarkecin yana tsotsar yatsansa.

Na ce, "Ka kai shi can cikin kwari ka ajiye. Ba kai ka kashe shi ba ke nan."

"Haka babana ya yi."

Bashari ya ce, "Ka ɓoye shi a wani wuri mai nisa, ka ce ka kashe."

"Duk sa'a biyu, injiniya. Wa zai ba shi? Kuma sai ya yi wata guda nan gaba kafin shi ci nama da kansa."

"A gidanmu ba zai yiwu ba, Baba Talle. Maƙwabta za su ji kukansa."

"Ban roƙe ka ba."

Sai Bashari ya ce akwai hanya guda, amma ba ya son faɗinta. Hukumar kula da namun daji tana da lambar da ake kira, suna zuwa su karɓi irin waɗannan, suna da likitoci da wurin renonsu. A hannunsu zai rayu. Sai dai za su yi tambaya, kuma ko me aka amsa musu, aikin Mamane a wurin Abu Nayif ya ƙare.

Mamane ya ce, "Za su ba shi har shi ci da kansa?"

"Aikinsu ke nan."

"Ka tabbata?"

"Ban taɓa gani da idona ba. Amma aikinsu ke nan."

Ya dubi tumakin, ya dubi ɗakin kwanon da ya yi shekara goma sha ɗaya a ciki. Ya lissafa mini mutanen da ke ci daga hannunsa, da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha huɗu. Ta ƙarshe ita ce jaririyar, wadda aka raɗa wa suna Hajar ba ya nan. Ya ce, "In na tahi gida, me za su ci? In na zauna, wa za a binne?" Ba mu yake tambaya ba. Muka bar shi a nan zaune.

Ranar Talata da safe ya kira. Ya ce a daren jiya an sake kai Hajar gidan likita, an sa mata ruwa a jijiyar kai domin ba a sami ta hannu ba. Ya ce, "Injiniya shi kira mutanen."

Kafin su zo ya yi abu biyu. Ya sauko da uwar daga itacen ƙaya, ya kai ta can cikin kwari ya haƙa rami ya rufe, domin kada a same ta a bakin hanyar kafilinsa. Sannan ya roƙi wani makiyayi ɗan Sudan da ke garken gaba ya kula da tumakin har Alhamis, ya nuna masa tunkiyar da ke da ciwon ƙafa da wadda ta kusa haihuwa. Ya sa muka haɗu da jami'an a wani gidan mai da ke bakin babbar hanya, nesa da garken.

Su biyu ne, da farar mota da ɗan keji. Babbansu ya karɓi kwalin, ya duba bakin ɗan kyarkecin da cikinsa, ya ce wanda ya rene shi ya iya. Mamane ya miƙa masa sirinjin da ragowar madarar, ya yi ta nanata masa, "Kullu sa'atain, kullu sa'atain," duk sa'a biyu, har mutumin ya yi murmushi ya ce sun sani. Sannan ya buɗe littafinsa ya ce, "Ina uwarsa?"

Tun a mota Bashari ya koya masa abin da zai ce: ya tsince shi ne a bakin hanya. Na ga Mamane ya buɗe baki, ya dubi kejin, ya rufe. Daga baya ya gaya mini cewa ya ji tsoron kada ƙarya ta ɓata abin da ya zo gyarawa.

Ya ce, "Ta mutu. Ni na kashe ta."

"Wa ya sa ka?"

"Ni na ɗana tarko, ni na ɗauki sanda."

Sau uku aka tambaye shi, bai ƙara ko kalma ba. Suka tafi da shi a motar, shi a baya, kejin a kan cinyarsa domin ya roƙi a bar shi ya riƙe.

Ya yi kwana goma sha tara a tsare. Abu Nayif, da ya ji cewa ba a ambaci sunansa ba, ya shiga ya fita har aka sassauta, ya kuma cika alkawarin da ya yi game da asibitin jaririyar. Amma huruj ɗin bai janye ba. Ya gaya wa Bashari cewa ba zai iya sake amincewa da makiyayin da ya fifita kyarkeci a kan tumaki ba. Ba a bar mu mun raka Mamane filin jirgi ba. Jamilat ta haɗa masa yaji a kwalba, ta rubuta a jiki, "Na bawana," aka ce ba a karɓar kaya.

Hajar tana raye. Nonon Ikilima bai zo ba har yau. Wata maƙwabciyarsu mai goyo ce ta haɗa ta da nata ɗan, kuma cikinta ya fara riƙe madarar gwangwani bayan an sauya mata wata iri a Maraɗi. Ba ta da ƙiba, tana yawan ciwo. Jamilat ta ce sauyin madarar ne ya cece ta. Ni ma haka nake gani. Mamane bai yi gardama ba, bai kuma yarda ba. Yana gida babu aiki, ya sayar da akuyoyin matarsa, ƙannensa biyu sun daina yi masa magana domin sun ce ya zubar da abincin gida saboda ɗan dabba.

Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, saƙon muryarsa yakan shigo wayata. Yakan gaishe ni, ya gaida injiniya, ya ce a gaya wa Bayarabiya ta rage barkono. Sannan ya yi tambayar da ta sa ya aiko: ko ɗan kyarkecin ya kai ga cin nama da kansa kafin wani abu ya same shi. Idan ya kai, rantsuwarsa ta sauka. Idan bai kai ba, to yana ganin duk tarin da Hajar ta yi somin abin da ke tafe ne.

Sau uku Bashari yana kai ni ofishin hukumar. Karon farko aka ce mu kawo lambar takarda, ba mu da ita. Karo na biyu wani ma'aikaci mai kirki ya duba na'urarsa, ya ce a watan an karɓi irinsu da dama daga wurare daban-daban, an rarraba su, wasu sun rayu, wasu ba su rayu ba, ba zai iya ce mini ga wanda ya fito daga gidan mai ba. Karo na uku aka ce jami'in da ya karɓa an mayar da shi wani lardi.

Bashari ya ce in gaya wa Mamane kawai cewa ɗan kyarkecin ya rayu, mutumin ya sami barci. Na ɗauki wayar da wannan niyya fiye da sau ɗaya. Amma mutumin da ya ƙi yin ƙarya a gidan mai, alhali ita ce za ta iya barinsa a ƙasar, ya ce mini a saƙonsa na farko, "Malam, in ya mutu kada a ɓoye mini." Saboda haka a Juma'ar da ta wuce ma abin da na gaya masa shi ne ban sani ba tukuna, kuma ranar Lahadi zan koma in sake tambaya.